Jinyar Tsoho Bayan Aikin Matsewar Laka: Daga Ranar Sallama Zuwa Wata Shida

Idan likita ya ce tsoho yana da matsewar kafar laka, yana nufin ramin da ya ratsa tsakiyar ƙashin baya, inda laka da jijiyoyinta ke bi, ya tsuke. Yawanci shekaru ne ke kawo shi: faifan da ke tsakanin ƙasusuwa ya lotse, gaɓoɓi su yi tsiro, jijiyar da ke ɗaure su ta yi kauri. Ya fi kama kwankwaso, musamman tsakanin ƙashi na 4 da na 5 cikin biyar ɗin da ke wurin. Shi ya sa Baba zai fito zuwa masallacin unguwa, kafin ya kai ƙafafu sun yi nauyi sun ɗauki zugi, sai ya nemi dakali ya zauna ko ya sunkuya kan sanda kafin ya ji dama. Sunkuyo yana ɗan buɗe ramin, miƙewa tsaye yana ƙara tsuke shi.

Aikin da ake yi iri biyu ne. A na farko ana fafe wani yanki na ƙashin ta baya don jijiyoyi su sarara. A na biyu ana yin hakan, sannan a sa ƙarfe a ɗaure ƙasusuwa biyu ko fiye har su haɗe. Ko a Asibitin Ƙashi na Dala aka yi, ko a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko a na kuɗi, iyakar abin da wuƙar likita ta yi shi ne buɗe hanya. Ko ƙafar za ta dawo da ƙarfinta, wannan a gida ake sanin sa. Kuma tsoho mai ciwon suga ko hawan jini ko ciwon ƙoda, ba bayansa kaɗai ake jinya ba. Gidaje da yawa suna tattara hankali kan ɗinkin, su manta da tsohuwar cutar, ita kuwa ita ke mai da mutum asibiti.

Na farko: kada ku karɓi sallama hannu rabbana

Ranar sallama kowa yana ɗokin gida, ana ta haɗa kwanuka da fulas. Mutum ɗaya ya ajiye wannan, ya ɗauki biro da littafi ya tsaya gaban likita. Ya tambaya: an sa ƙarfe ko ba a sa ba? Domin dokokin sun bambanta, wanda aka sa wa ƙarfe takunkuminsa ya fi tsawo. Yaushe za a cire zare? Galibi tsakanin kwana 10 zuwa 14 ne, mai suga akan ɗan ƙara masa. Bel ɗin baya, idan an bayar, yaushe ake ɗaurawa, yaushe ake cirewa? Wace lamba za a kira da dare?

Sai babbar tambaya. A juye duk magungunan da tsoho yake sha tun kafin aiki a kan tebur, har da waɗanda ke cikin jakar Hajiya da na ƙarƙashin matashi, a ce: "Likita, wanne zai ci gaba da sha, wanne zai dakata, zuwa yaushe?" Masu tsinka jini irin su asfirin, kilofidogirel da wafarin akan tsayar da su kafin aiki. Dawo da su da wuri yana iya tara jini a wurin aikin ya danne jijiya. Barin su da daɗewa yana iya jawo shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya. Ba hukuncin da 'ya'ya za su yanke a falo ba ne. A sa likita ya rubuta ranar.

Na biyu: gida ya riga shi shiryawa

Katifar ƙasa ta tashi daga aiki na wani lokaci. A samo gado wanda idan ya zauna a bakinsa tafin ƙafarsa zai taɓa ƙasa, gwiwa ba ta fi ƙugu tudu ba. Kujerun falo masu lotsewa ma ba nasa ba ne yanzu. Kujera mai tauri mai hannu biyu ita ce tasa. A naɗe dardumar da ke zamewa, a kawar da wayar caji da takalman yara daga hanyar banɗaki, a ajiye tocila a gefen gado, tunda wuta ba a yi mata alkawari.

Banɗaki shi ne wurin da aka fi yin ɓarna. Masai na tsuguno bai dace da sabon aiki ba ko kaɗan. Ana sayar da kujerar bayan gida a shagunan kayan asibiti. In kuɗi ya yi wuya, kafinta zai iya huda kujerar katako mai ƙwari a ɗora bisa masan. A sa wata kujerar roba don wanka, a ɗora bokiti da buta kan wani abu mai tudu yadda ba sai ya duƙa ba.

Ranar dawowa a nemi mota, a bar adaidaita sahu. Girgizarsa a kan ramuka ba ta yi wa sabon ɗinki daɗi. Ya zauna a gaba, a ɗan kwantar da kujerar. Ya fara ajiye mazaunai, sannan a shigar da ƙafafu biyu tare. In gidan yana cikin lungunan cikin gari inda mota ba ta shiga, a je da keken marasa lafiya ko maza biyu su riƙe shi hagu da dama, a kula da tsallake kwata. Goyo a baya ko ciccibarsa a tabarma, a'a.

Na uku: mako biyun farko, a tashe shi

A nan tarbiyyarmu take karo da magani. Mun taso da cewa ɗa nagari ba ya barin mahaifinsa ya wahala, don haka sai a ce, "Baba, kwanta abinka, me kake so a kawo maka?" A kawo masa ruwa, a kawo abinci, a kawo fo. Niyya mai kyau ce, amma tsohon da ya yi mako a kwance naman cinyarsa yana zubewa da sauri, jini yana iya daskarewa a sha-raɓa, majina ta taru a huhu ta zama nimoniya, fatar ɗuwawu ta fara salewa. Shi ya sa a asibiti ma, in ba wata matsala, washegarin aiki ake tsayar da mutum.

Dokoki uku ne na akalla mako shida, wanda aka sa wa ƙarfe kuma sau da yawa har wata uku: ba duƙawa daga ƙugu, ba murɗa baya, ba ɗaukar abin da ya wuce kilo 4 zuwa 5. Litar ruwa guda kilo guda ce, ke nan buta ta halatta, bokiti bai halatta ba. Jikan da ya fara tatata ya kusa ninka wannan nauyin, don haka in Hajiya ce aka yi wa aikin, in ya rugo a ɗora shi gefenta, ba ita za ta sunkuce shi ba.

Tashi daga gado yana da tsari. Yana kwance rigingine, ya lanƙwasa gwiwoyi. Ya juya gefe gaba ɗaya kamar gungumen itace, kafaɗa da ƙugu su tafi lokaci guda. Ya sauke ƙafafu daga bakin gado, yana tura jikinsa sama da gwiwar hannu. Ya zauna minti ɗaya ko biyu kafin ya miƙe, musamman mai shan maganin hawan jini, domin jiri a nan yake kama su. Kada a kama hannayensa a finciko shi. Wajen barci, matashi tsakanin gwiwoyi in yana kwance a gefe, ko ƙarƙashin gwiwoyi in rigingine yake.

Tafiya ita ce babban maganin wannan lokaci. A fara da kamar minti biyar a tsakar gida, sau huɗu zuwa shida a yini, da abin dogarawa mai ƙafa huɗu in an ba shi, wani yana gefensa. Salloli biyar sun isa agogo: a ɗan zaga bayan kowacce. Kowane kwana biyu ko uku a ƙara minti ɗaya ko biyu. In gobe ya tashi ciwon ya fi na jiya, an zarce, a koma baya kaɗan, amma kada a daina. Zama kada ya wuce rabin awa a jere. Yana kwance kuma ya riƙa motsa ƙafa daga idon sawu, sama da ƙasa, yana jan dogon numfashi sau goma duk awa. A lokacin bazara, da zafin Kano ke haura digiri 40, a yi tafiyar da sassafe da bayan magariba.

Na huɗu: tsohuwar cuta da sabbin ƙwayoyi

Mai suga. Aiki da ciwo da rashin motsi suna tayar da suga, suga mai yawa kuma yana hana ɗinki kamewa, yana gayyato ƙwayoyin cuta. A gwada da safe kafin karin kumallo da kuma wani lokaci a yini, mai allurar insulin fiye da haka, a rubuta a littafi. In yana yawan wuce 180, wato 10 a na'urar da ke ƙirga da ƙananan lambobi, a sanar da likitan suga, kada a jira ranar asibiti. Ɗaya gefen, wato faɗuwar suga, ya fi saurin kisa: tsoho ya dawo ba ya cin abinci sosai, amma ana ba shi ƙwayar suga irin Daonil ko insulin yadda aka saba. Gumi, karkarwa, sambatu ko barcin da ba a gane ba, a gwada nan take. Ƙasa da 70, ko 3.9, a jiƙa cokalin shayi uku na sukari a ba shi in yana iya haɗiya, a sake gwadawa bayan minti 15, sannan ya ci abinci. In ba ya cikin hayyacinsa, kada a ɗura masa komai, asibiti kawai. Insulin da aka buɗe yana lalacewa a zafi. In firiji ba wuta, a ƙulle shi a leda a ajiye a jikin randa mai sanyi.

Mai hawan jini. Kada a tsayar da magani don an ga yana kwance. Amma a riƙa aunawa, domin wanda ya zubar da jini a tiyata kuma ba ya shan ruwa sosai, jininsa yana iya sauka ya faɗi a banɗaki.

Sai maganin ciwo, inda kyamis ɗin unguwa ke shigowa. Diklofenak, ibufurofen da Feldene suna kashe ciwo, gaskiya ne. Amma ga tsoho suna ƙona ciki har ya yi aman jini ko baƙin bayan gida, suna tayar da hawan jini, suna tara ruwa ga mai ciwon zuciya, suna kuma raunata ƙoda. In aka haɗa su da maganin hawan jini irin lisinofiril da maganin sa fitsari, ga zafi ga ƙarancin shan ruwa, ƙoda tana iya tsayawa cikin 'yan kwanaki. Likitocin ƙashi da yawa kuma suna hana su ga wanda aka sa wa ƙarfe, saboda suna iya jinkirta haɗewar ƙashi. Haɗin nan da ake ƙulla wa mutum a leda, ƙwaya biyar kala-kala ba suna, ni dai ban ga dalilin da zai sa ya shiga ɗakin mai jinya ba. Farasitamol shi ne ginshiƙi, a kan lokaci, kada ya wuce giram 3 a yini sai da izinin likita, mai ciwon hanta ko ramammen tsoho ƙasa da haka.

In an rubuta tiramadol ko wani mai ƙarfi, na 'yan kwanaki ne. Yana kawo jiri, ruɗewa da taurin bayan gida, kuma a kulle shi, kowa ya san halin da matasa ke ciki da wannan ƙwaya. Gabafentin da firegabalin, na zugin jijiya, ta ƙoda suke fita. Mai raunin ƙoda ana rage masa, in ba haka ba sai ya yi ta layi da gyangyaɗi. Ba a kuma yanke su rana ɗaya.

Taurin bayan gida ba ƙaramin abu ba ne ga mai ɗinki a baya, yunƙuri azaba ne. Ruwa, miyar kuɓewa da ta kuka, zogale, gwanda, da tafiya. In an kwana uku shiru, a nemi likita ya rubuta mai sassautawa. Wanda aka ƙayyade wa ruwa saboda zuciya ko ƙoda ya tsaya kan ƙa'idarsa.

Na biyar: kada ku yarda da "da sauƙi"

Dattijon Kano ko yana cizon haƙori, in ka ce "Baba, ya jiki?" amsarsa "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Hajiya kuwa ba za ta taɓa gaya wa ɗanta namiji cewa fitsari yana zubo mata ba. Saboda haka a sauya tambaya, a kuma zaɓi mai yin ta: 'ya mace ga uwa, babban ɗa ko ƙane ga uba. "Inna, yau sau nawa kika yi fitsari? Da kika yi tsarki, kin ji taɓawar ruwan? Ɗaga min yatsun ƙafar nan in gani."

Akwai abubuwan da ba a kwana da su a gida. Fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida su riƙa zuwa ba a sani ba. Tsakanin cinyoyi da mazaunai su mutu. Ƙafa ta sake yin rauni bayan ta fara ƙarfi. Waɗannan alamar an danne jijiyoyin ƙasa ne, kuma awoyi ake ƙirgawa, ba kwanaki ba. Tsofaffin maza masu kumburin furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsara, sukan sami riƙewar fitsari bayan an cire robar fitsari, amma ba ku za ku tantance wanne ne ba. Haka nan sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya da ciwon ƙirji.

Wurin ɗinkin a duba shi kullum da haske, tunda mai shi ba ya ganinsa. A ɗauki hoto da waya don a kwatanta da na jiya. Ja mai yaɗuwa, kumburi, mugunya, wari, ko zazzaɓi da ya kai digiri 38, a koma asibiti. Kada a ce maleriya ce a sayo magani. Ko ita ce, a bari a gwada a kuma duba ɗinkin. Mai suga yana iya ɗauke da ƙwayar cuta jikinsa bai yi zafi ba, sai dai a ga suga ya haura ba dalili. Ruwa garai yana tsattsafowa daga ɗinki, tare da ciwon kai mai tsananta in an zauna ya lafa in an kwanta, ruwan laka ne ke yoyo. Wurin ya zauna a bushe. Ba man zafi, ba man shanu, ba toka, ba ruwan zafi da tsumma.

Tsohon da ya fara ganin mutanen da ba su nan, ko ya juya dare ya zama rana, kafin a ce iska ce ko rikicin tsufa, a duba suga, fitsari, zazzaɓi da ƙwayoyin da yake sha. Ruɗewa bayan tiyata sananniya ce ga tsofaffi, kuma mafi yawan lokuta tana da sanadin da ake magancewa.

Na shida: salla

Da yawa za su bi duk dokar likita amma su karya ta a kan sallaya. Ruku'u da sujada da zaman tahiya a ƙasa duk duƙawa ce. A tuna masa hadisin Imrana ɗan Husaini da Bukhari ya ruwaito: yana fama da basir, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. In daga bakin 'ya'ya ba zai karɓa ba, a roƙi limamin unguwa ya faɗa masa in ya zo dubiya. Ya yi a kujera yana nuni da kai. Alwala a zaune, wani ya wanke masa ƙafa. Komawa sujada a ƙasa sai likita ya ce to. In Ramadan ya riske shi a makonnin farko, ga suga ga magunguna, rangwamen mara lafiya nasa ne. A tambayi likita kafin a ɗauki azumi.

Na bakwai: 'yan dubiya

Za su zo, kuma zuwansu yana ƙarfafa zuciya. Sai dai ladabi zai sa Baba ya zauna awa uku yana amsa "Allah ya sa kaffara ne". A sa mutum guda mai fuska ya riƙa cewa, "Alhaji, a yi mana afuwa, lokacin zagayensa ya yi." Lemon kwalba da madarar gwangwani mai zaƙi da suka kawo, jikoki su sha. Shi abin da jikinsa ke nema don ɗinki ya kame shi ne ƙwai, wake, alale, kifi, kaza, nono marar sukari, tuwo daidai misali, a rage gishiri da dunƙule. Mai ciwon ƙoda ya bi lissafin likitansa kan nama, ayaba da lemo. Mai shan sigari ya sani tana hana ƙashi haɗewa, tana kuma jinkirta warkewar ɗinki.

Kowane mai dubiya kuma likita ne. Wannan zai kawo jiƙo na maganin sanyi, wancan ya san maɗori, wani ya ce a kira wanzami ya yi ƙaho. A karɓa da godiya, a ajiye. Bayan da aka fafe wa ƙashi ko aka sa wa ƙarfe ba a ja, ba a murzawa, ba a tsagawa, balle ga mai shan maganin tsinka jini. Jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba kuwa, ƙodar da ta sha shekaru da suga ba ta da rarar da za a yi gwaji da ita.

Na takwas: daga mako shida zuwa gaba

Kusan nan likita yakan tura sashen gashin ƙashi. Mutane suna zuwa da tunanin za a ɗora musu na'ura mai ɗumi su kwanta. Amfanin yana cikin motsa jikin da za a koya masa, na ƙarfafa ciki, mazaunai da cinyoyi, da na daidaita tsayuwa don kada ya faɗi. Wanda ke kwana da shi ya shiga ya gani, ya ɗauka a waya in an yarda, don a gida ake yin mafi yawansa. In zirga-zirga ta yi tsada, a gaya wa likitan gashi ya tsara zuwa jefi-jefi da aikin gida, ya fi a ɓace gaba ɗaya.

A kuma san abin da za a sa rai da shi. Zugin ƙafa da nisan tafiya su suka fi saurin gyaruwa. Ciwon baya kansa yakan ragu, ba lallai ya tafi duka ba. Dindiris da rauni su ne na ƙarshe, suna iya ɗaukar shekara, wani ma ba ya komawa yadda yake in jijiyar ta daɗe a danne. Haɗewar ƙashi ga mai ƙarfe wata uku zuwa shida ne ko fiye, hoto ke tabbatarwa. Zafin tafin ƙafa irin na masu suga ba daga baya yake ba, aikin ba zai taɓa shi ba. Haka wanda hanyoyin jinin ƙafarsa suka tsuke: shi in ya tsaya cak ciwon ke lafawa, ba sai ya zauna ko ya sunkuya ba. In haka Baba yake kwatantawa, a faɗa wa likita ya duba bugun jini a ƙafar.

Wanda ba a yi wa aiki ba, aka tsaya kan gashi da allurar baya, mafi yawan abin da ke sama ya shafe shi, ban da dokar duƙawa. Shi motsa jiki mai ɗan sunkuyo da keken motsa jiki na tsaye ma sukan yi masa daɗi. Allurar tana da sinadarin sitiroyid, wanda ke tayar da suga na kwanaki, wani lokaci fiye da mako, don haka a ƙara yawan gwaji a wannan tsakanin. Sauƙinta kuma na makonni ne zuwa 'yan watanni, lokacin da ya kamata a yi amfani da shi a ƙarfafa ƙafa.

Komawa kasuwa a fara da awa biyu, a kujera mai jingina, yara su yi ɗauke-ɗauke. Tuƙi sai an daina ƙwayoyi masu sa barci, ƙafa tana iya taka birki da ƙarfi, likita kuma ya amince. Duk ranar komawa asibiti a tafi da littafin nan na suga da awon jini, da ledar magunguna gaba ɗaya, a nuna wa likitan ƙashi, a kuma nuna wa likitan suga ko na zuciya, domin sau da yawa ɗaya bai san abin da ɗayan ya rubuta ba.